Rautar gida a Kano: tambayoyin da aka fi yi kan kulawa da gyara

Aikina haɗa intanet a gidaje da shaguna a cikin birnin Kano, kuma tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda nake amsawa kusan kullum, a waya ko a tsaye a ƙofar gida. Abin da ya sa na zauna na rubuta su shi ne yadda nake ganin mutane suna sayen sabuwar rauta, wato na'urar da ke watsa Wi-Fi a gida, alhali tsohuwar lafiyarta lau. A garin nan yawancin abin da ke damun rauta wuta ce, ko zafi, ko wurin da aka ajiye ta. Na sa wa tambayoyin lamba don a riƙa komawa daga wata zuwa wata.

1. Wayata ta kama Wi-Fi, sanduna a cike, amma ba abin da yake buɗewa. Me ya faru?

Hanya biyu ce a nan, mutane kuma suna ɗaukar su ɗaya. Ta farko tsakanin wayarka da rauta, ita ce Wi-Fi. Ta biyu tsakanin rauta da kamfanin da ke ba ka intanet, ko ta sim da ƙarfen sabis, ko ta wayar faiba (siririyar wayar da ke kawo intanet ta hanyar haske), ko ta faifan Starlink. Sandunan da kake gani a saman wayarka labarin hanyar farko kawai suke ba ka. Kamar famfo ne a tsakar gida: bututu lafiya lau, amma tanki ba ruwa.

Fara duba ko data ta ƙare, domin ita ce kan gaba. Tun da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta haɗa lambobin kamfanoni wuri guda a 2023, *323# ita ce ta duba ragowar data a kowane layi, sai dai sim ɗin yana cikin rauta, don haka ta manhajar kamfanin ko ta shafin saiti za ka duba (tambaya ta 8). In akwai data, sai ka dubi fitilu (tambaya ta 3), sannan ka kashe ka kunna (tambaya ta 4).

2. A ina ya kamata in ajiye ta?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci, kuma ita ce ba a cika yi ba. Rauta mai sim tana buƙatar abu biyu da sukan saɓa wa juna: ta kama sabis daga waje, ta kuma watsa Wi-Fi a cikin gida. Don haka a nema mata wuri mai tudu kusa da taga, tagar da ke fuskantar ƙarfen sabis in an san inda yake, amma inda rana ba ta dukan ta. Mai faiba kuwa ba ruwanta da taga, tsakiyar gida ta fi mata.

An taɓa kirana wani gida a Gwammaja, Hajiya ta ce intanet ba ya kaiwa ɗakin 'ya'yanta. Na tarar da rautar a cikin kabad ɗin talabijin mai ƙofar gilashi, a ƙasa can, bayan dikoda, an kuma lulluɓe ta da ɗan kyalle mai ado saboda ƙura. Da na taɓa ta sai da na janye hannu don zafi. Na ce, "Hajiya, a ba ni ƙusa ɗaya da kujera." Muka rataye ta a bangon falo sama da tsayin mutum, muka yaye kyallen, kafin in sauko daga kujera yaran suna kiran cewa ya kawo. Ba a sayi komai ba.

Ginin da kake ciki ma yana da tasa rawar. Bangon ƙasa mai kauri irin na cikin gari, su Yakasai da Gwale, yana shanye Wi-Fi sosai. Haka rufin kankare na bene mai rodi, da ƙofar ƙarfe, da firji, da babban madubi, da tankin ruwa. Kowane bango tsakaninka da rauta yana cin rabonsa. In gidan babba ne, duba tambaya ta 12.

3. Me fitilun gabanta suke nufi?

Kowane kamfani da launinsa, amma tsarin kusan ɗaya ne. Fitilar wuta ta tsaya cak ba ƙiftawa. In tana ɗaukewa tana dawowa, je ka tambaya ta 5. Fitilar Wi-Fi tana nuna rauta na watsawa. Ta intanet, wadda sau da yawa take da hoton duniya, in ta yi ja to rauta ba ta samu kamfani ba: ko sim, ko sabis, ko data. A na'urar faiba akwai fitila mai suna LOS. In tana ƙifta ja, hasken da ke bin wayar faiba ya yanke, galibi waya ce ta tsinke ko ta lanƙwashe a wani wuri. Wannan ba gyaranka ba ne. Kar ka zare siririyar wayar, kar kuma ka leƙa bakinta da ido, kira kamfanin.

4. Da gaske kashewa da kunnawa yana magani?

Yana yi ƙwarai. Rauta ƙaramar kwamfuta ce, in ta daɗe tana aiki takan cushe, kuma idan ta tashi sabuwa takan sake neman ƙarfen sabis daga farko. Zare adafta daga soket, ka jira kamar daƙiƙa 30, ka mayar, ka ba ta minti biyu zuwa uku ta gama tashi kafin ka yanke hukunci. Amma kar ka haɗa wannan da danna ɗan ramin da ke bayanta, wancan goge komai yake yi (tambaya ta 14). In kuwa sai ka yi haka sau da yawa a rana guda, akwai cutar da ba a gano ba, kuma mafi yawa tana cikin tambayoyi biyu masu zuwa.

5. Tana mutuwa tana tashi da kanta, ko fitilunta su dushe. Ta lalace ke nan?

Kafin ka zargi rauta, zargi adafta. Ita ce ke shan duk wahalar wutarmu: a ɗauke, a kawo, ta zo da rauni, a koma janareta, a dawo. Adaftar da ta gaji takan kunna rauta lafiya, amma da mutane sun hau an fara jan data da ƙarfi sai ta kasa, rauta ta mutu ta sake tashi. Ari wata irinta ka gwada na yini guda.

A nan sai an yi hattara. Juya rautar ka karanta takardar da ke manne a ƙarƙashinta. Za ka ga wani abu kamar 12V 1A ko 12V 2A. Lambar V dole ta zo daidai, ba ƙari ba ragi. Lambar A kuwa in ta adafta ta fi yawa ba laifi, in ta gaza ne ake samun matsala. Shigar bakin adafta ramin rauta ba ya nufin tata ce. Na ga rautar da aka soka wa cajar laftof mai 19V don kawai bakin ya shiga, mai ita ya ce ya ji ƙauri kaɗan shi ke nan ba ta ƙara kawo wuta ba. In za ka saya a Farm Centre ko titin Beirut, tafi da rautar da tsohuwar adaftar, a gwada a gabanka.

6. Zafin bazara da ƙurar hunturu suna yi mata illa?

Suna yi. Yawancin rautocin gida an ƙera su ne su yi aiki a zafin da bai wuce digiri 40 ba, mu kuwa a Afrilu da Mayu zafin waje kansa yana kai hakan, balle ɗaki mai rufin kwano da azahar. Alamar zafi ita ce intanet ya yi kyau da safe, ya fara jan ƙafa daga hantsi zuwa la'asar, ya dawo daidai bayan isha. Kar a ɗora ta kan dikoda ko firji ko katifa, kar a rufe ta, a bar iska ta ratsa ramukanta ta ko'ina. Ƙaramar rauta ta aljihu mai batir ta fi kowace tsoron zafi. In ka ga murfinta ya fara ɗagowa, batir ne ya kumbura, cire shi nan take kar ka sake caja da shi.

Hunturu kuma ƙura yake kawowa, tana toshe ramukan shan iska, sai zafin bazara ya zo ya tarar da su a toshe. Kashe ta, ka share ramukan da busasshen buroshi mai laushi sau ɗaya a wata. Ba ruwa, ba jiƙaƙƙen tsumma.

7. Ya zan yi ta ci gaba da aiki in an ɗauke wuta? Damina kuma fa?

Rauta ba ta cin wuta. Mai 12V 1A iyakarta wat 12, kusan kwan fitila ɗaya. Akwai ɗan akwatin batir da ake sayarwa musamman don rauta, wanda ake sa shi tsakanin soket da ita; yana riƙe ta sa'o'i, kuma yana hana ta mutuwa duk lokacin da ake sauyawa daga wutar gari zuwa janareta. Akwai kuma kebul da ke ɗaga wutar fawa-banki daga 5V zuwa 12V. Yana aiki ga ƙananan rautoci, amma manyan masu 5G sukan fi ƙarfinsa. Mai sola da inbata ya huta da wannan.

In za a tayar da janareta, zare rauta har sai injin ya daidaita. Da damina kuma, in hadari ya haɗo ana walƙiya, zare ta daga soket, ka zare duk wayar da ta shigo daga waje, musamman ta eriya a saman kwano. Kashe makunnin soket kaɗai bai isa ba ga tsawa.

8. Ta ina ake shiga saitin rauta?

Haɗa wayarka da Wi-Fi ɗinta, ka buɗe Chrome ko makamancinsa, ka rubuta adireshinta a sama inda ake rubuta adireshin shafi. Mafi yawa 192.168.0.1 ne ko 192.168.1.1, na Huawei kuma galibi 192.168.8.1. Na taka yana rubuce a takardar ƙarƙashinta tare da suna da kalmar sirrin shiga. Ba a buƙatar data don buɗe wannan shafi, domin a cikin rautar yake. In ya ƙi buɗewa, kashe datar wayarka da VPN ka sake gwadawa. Shawarata, ɗauki hoton takardar nan tun tana sabuwa, domin zafi da shafa suna goge rubutun.

A wannan shafi za ka ga saƙonnin da kamfani ke turo wa sim, yawan datar da aka ci, waɗanda ke haɗe da kai, da wurin sabunta manhajar rauta. Ka riƙa leƙa sabuntawar bayan 'yan watanni, amma kar ka fara sai kana da tabbacin wuta ba za ta yanke ba. Rautar da wuta ta ɗauke mata tana tsakiyar sabuntawa takan ƙi tashi gaba ɗaya.

9. Ina zargin akwai masu shan datata. Ya zan gane, ya zan hana?

A shafin saiti akwai jerin duk na'urorin da ke haɗe. Ƙirga na gidanka: wayoyi, talabijin, kwamfuta, kyamara. In lissafi ya wuce, akwai baƙo. Sau da yawa ba sata aka yi ba. Ka ba ƙaninka, shi ya ba abokinsa a majalisa, wayoyin Android kuma suna nuna kalmar sirri da hoton QR, don haka ko kai ka sa wa mutum da hannunka yana iya rabawa. Toshe waya ɗaya-ɗaya ba ya ɗorewa, domin sababbin wayoyi suna iya sauya lambar da rauta ke gane su da ita. Sauya kalmar sirri ne ke korar kowa lokaci guda.

Kalmar sirri biyu ce, a sauya duka. Akwai ta Wi-Fi, akwai ta shiga saiti, wadda sau da yawa take zuwa da admin, kuma duk yaron da ya san waya ya san haka. Wanda ya shiga saitinka yana iya karanta saƙonnin sim ɗinka ya kuma sauya komai. Ta Wi-Fi ta kai harafi 12 ko fiye, kar ta zama lambar wayarka ko sunan ɗanka da shekarar haihuwarsa. Wajen tsaro zaɓi WPA2, ko WPA3 in akwai. WEP tsohon tsari ne da aka daɗe da karyawa. Kashe WPS ma, wato maɓallin da ke haɗa na'ura da Wi-Fi ba tare da an rubuta kalmar sirri ba.

Ban ce ka hana maƙwabci ko baƙo ba, haƙƙin maƙwabtaka yana nan. Yawancin rautoci suna da Wi-Fi na baƙi daban, mai tasa kalmar sirri, wasu har da iyakance gudu. Ba su wannan, ka riƙa sauya shi lokacin da ka ga dama, na iyali kuma ya zauna yadda yake.

10. Ba baƙo, amma data tana ƙarewa kafin rabin wata.

Waya in ta ga Wi-Fi ɗauka take kyauta ne. Duk abin da ta jinkirta sai ta sake shi: sabunta manhajoji, kwashe hotuna da bidiyo zuwa Google Photos, ajiyar WhatsApp, sauke duk bidiyon da aka turo a guruf. Kwamfuta mai Windows ma haka. A Android da Windows akwai inda ake nuna wa na'ura cewa wannan Wi-Fi na awo ne, sai ta kama kanta. Babban mai ci kuwa talabijin ne. Bidiyo mai tsabtar HD yana iya cin har gigabayit 3 a sa'a guda, 4K ya ninka haka. A YouTube mayar da shi 480p, a waya ba za ka ga bambancin kirki ba, ka kuma kashe ci gaba da kunna bidiyo da kansa, domin yara sukan yi barci su bar shi yana yi har asuba.

11. Ina ganin suna biyu, ɗaya da 5G a ƙarshensa. Wanne zan hau?

Wannan 5G na jikin sunan Wi-Fi ba shi ne 5G na kamfanin waya ba. Yana nufin zangon 5GHz, ɗayan kuma 2.4GHz. Na 5GHz ya fi gudu amma ba ya nisa, bango biyu sun ishe shi. Na 2.4GHz ya fi ratsa bango amma ya fi cunkoso, domin shi kowa yake kai, har da Bluetooth. Kana ɗaki ɗaya da rauta, hau 5GHz. Kana can ƙuryar gida, hau 2.4GHz. A wuri mai yawan rautoci kamar gidajen haya na Sabon Gari ko benayen kasuwa, shiga saiti ka gwada tasha ta 1 ko ta 6 ko ta 11 a zangon 2.4GHz, su uku ne ba sa hawa kan juna.

Shi kuwa 5G na kamfani, MTN ya fara shi a Najeriya a 2022 kuma Kano na cikin garuruwan farko, Airtel ya biyo baya a 2023. Ba ko'ina yake kamawa ba, don haka kafin ka sayi rautarsa gwada a cikin ɗakin da za ta zauna.

12. Gidanmu babba ne, sama da ƙasa, ga sashen baƙi. Rauta ɗaya za ta isa?

Da wuya. Mutane sukan sayi ɗan abin ƙara nisa da ake sokawa a soket, su kai shi ɗakin da ba ya kamawa. Abin da ya samu shi yake maimaitawa, in ya samu rauni, rauni zai ba ka, kuma yakan rage gudu kusan rabi. In za a yi amfani da shi, a sa shi a tsakiyar hanya inda Wi-Fi yake da ƙarfi tukuna. Abin da ya fi shi ne a ja kebul ɗin Cat6 daga rauta zuwa wata rauta ta biyu a sama ko a sashen baƙi. Kebul ɗin yana kai mita 100 ba tare da ya raunana ba. Wanda ke gini yanzu ya sa a bar masa bututun kebul tun kafin filasta.

13. Sabis ne ba ƙarfi a unguwarmu, ko kuma da daddare sai ya riƙa ja. Akwai dabara?

Waɗannan cuta biyu ce daban. Don gane ƙarfin sabis kar ka dogara da sanduna, nemi lambar RSRP a shafin saiti. Tana zuwa da alamar ragi: kusa da -80 ƙarfi ne sosai, -100 ya fara rauni, -110 zuwa ƙasa wahala ce. Ɗauki rautar da fawa-banki ko doguwar waya ka zagaya tagogin gida, kana tsayawa minti ɗaya a kowace kana duba lambar. Wani lokaci tsakanin wannan taga da waccan akwai bambancin da zai ba ka mamaki. In duk ba daɗi, kuma rautarka tana da ramukan eriya a baya, eriyar waje a saman gini tana taimakawa. Ka dai tuna maganar tsawa a tambaya ta 7.

In kuwa lambar tana da kyau amma daga magariba zuwa wajen sha ɗaya komai ya tsaya, jama'a ne suka yi wa ƙarfen sabis yawa. Gwada gudu a fast.com da asuba, ka sake gwadawa da tara na dare, za ka gani da idonka. Sabuwar rauta ba ta maganin wannan, eriya ma haka. Ari layin wani kamfani ka gwada na kwana biyu, domin wanda ya fi kyau a Hotoro ba lallai ya fi kyau a Rijiyar Zaki ba. Manyan saukewa kuma a bar su sai tsakar dare.

14. Yaushe ake danna ramin riset?

In ka manta kalmar shiga saiti, ko ka taɓa wani abu komai ya rikice. Rauta tana kunne, ka sa tsinke ka danne kamar daƙiƙa 10 har fitilu su ɗauke. Za ta koma yadda ta fito daga kwali, suna da kalmar sirri su koma na jikin takarda, sai ka sake abin da ke tambaya ta 9 daga farko. Mai faiba kar ya danna sai ya tambayi kamfani, domin akwai bayanan shiga da suka sa a ciki waɗanda za su goge.

15. Tana cewa ba sim, ko ta ƙi karɓar layin wani kamfani.

Kashe ta, ka zare sim, ka goge gefen zinarensa da busasshen kyalle, ka mayar daidai. Ƙaramin sim da aka ɗora a kan firam yakan goce, kuma in an ja shi da ƙarfi yana karya haƙoran ramin, don haka a bi a hankali. Sa shi a waya ka gani. In a waya ma ba ya aiki, matsalar layi ce. Tun Disamba 2020 aka wajabta haɗa kowane layi da NIN, sim ɗin rauta ma yana ciki, kuma layin da aka daɗe ba a amfani da shi kamfani yana iya karɓe shi. In yana aiki a waya amma rauta ta ƙi, mai yiwuwa a kulle take: rautar da kamfanin waya ya sayar da sunansa a jiki galibi layinsa kaɗai take karɓa.

16. Na gwada duk wannan. Wajen wa zan nufa?

In da adafta mai kyau ta ƙi kawo wuta, ko tana ƙauri, ko ramin sim ko na adafta ya karye, kai ta wajen mai gyara. Ramin adafta da na sim ana sauya su. In kuwa allon ciki ne ya ƙone, tambayi kuɗin gyara ka gwada da kuɗin sabuwa kafin ka amince. Cire sim ɗinka kafin ka bar ta a shago, in ta dawo kuma ka sauya kalmomin sirri.

In matsalar ta layi ce ko ta data, kira kamfaninka a 300, ka nemi lambar ƙorafi ka rubuta ta tare da ranar da ka kira. Ajiye hoton gwajin gudu da na saƙonnin da suka turo. In ba su warware ba, NCC tana da layin kyauta na 622, kuma lambar ƙorafin nan za su fara tambayarka.